Dokar da Ajidan Adoum Ya Karya a Ƙasan Rijiya

Ranar Talata, takwas ga watan Afirilu na shekarar 2025, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar salla, Allah Ya karɓi ran Ajidan Adoum, mai muƙami a cikin 'yan kwana-kwanan Garwa, waɗanda mu nan muke ce wa pompiye. Ya cika da azahar a hanyar asibiti, bayan an ciro shi daga wata rijiya a bayan gari. Wanda Ya ba mu aronsa Ya karɓi abinSa, kuma dukanmu can muka nufa.

Ni ne Brahim, mai sayar da fetur a kwalba a bakin titin Yelwa. Bokona ya tsaya a aji huɗu, malamai ba su kore ni ba, ni ne na ga bulalarsu ta ishe ni. Wanda ya ga wani harafi ya karkace a rubutun nan ya yi haƙuri, mai rubutun ma a karkace yake tun daga wannan Talata.

Adoum, da kai zan yi magana, don ban saba kai ƙararka wurin kowa ba sai wurinka.

Mutane suna mamakin abin da ya haɗa mu, ni mai ajiye wuta a kwalba, kai mai kashe ta. Na tuna ranar da ka fara tsayawa a teburina. Ka sauko daga babur cikin kakinka, dogo siriri kamar sandar rake, ka tarar wani ɗan acaba yana zuƙar sigari ina zuba masa mai. Ba ka yi tsawa ba. Ka zare sigarin daga bakinsa, ka taka, sannan ka juyo ka tambaye ni ko ni ɗan wane ne. Na ce ubana Bahaushe ne, uwata Bafillata. Sai ka yi dariya ka ce kai Babarbare ne daga Kuseri, ashe bawanka ka tsinta a bakin titi, shi ya sa hankalin ya zo rabi. Na ce tunda uwa kaɗai ce Bafillatar ai rabin bawa ka samu, ni kuwa na samu bawa cikakke har da kaki. Daga ranar muka zama abokan wasa, irin wasan da kakanninmu Fulani da Barebari suka bar mana, kuma ban tuna mun taɓa gaisawa ba tare da zagi ba.

Washegari ka dawo da jan bokiti cike da yashi. Ka ce in wuta ta tashi kada in kuskura in zuba ruwa, yashi zan watsa. Na yi godiya, na ɗora katako a kai, ya zama kujerata. Shekara da shekaru kana zuwa kana tashina daga kai kana leƙawa, wani lokaci ka tarar da ɓawon gyaɗa, wani lokaci ka tarar kyanwar maƙwabta ta riga ka. Ka zubar, ka sa a cika sabo, ka zage ni da Barbarci, ka sayi mai a wurina kana cewa gurɓatacce ne, ka tafi.

Ni ma ban raga maka ba. Duk sanda motarku ta wuce da jiniya sai in ɗaga murya in ce ga masu zuwa yi wa toka gaisuwa. Wata rana abin ya ishe ka, ka kama hannuna ka ja ni cikin lungunan bayan kasuwa. Ka buɗe hannuwanka biyu kana tafiya, yatsunka na taɓa rumfar dama da ta hagu, ka ce in nuna maka ta inda mota za ta bi. Na ce ku sayi mota siririya irinka. Ka yi dariya, amma ni na ji kunya a ranar, ko da yake ban bari ka gani ba.

Yawancin mutane sun ɗauka aikinku wuta ce kawai. A wurinka na san cewa ku ake kira in ƙudan zuma sun mamaye silin masallaci, ku ake kira in mota ta kife a hanyar Marwa, ku ake kira in kogin Binuwai ya cika ya ci mutum. Masunta sun ba ni labarin yadda kake yi in kun ciro gawa daga kogi: ba ka barin dangi su matso sai ka rufe ta, in babu zane ka tuɓe rigarka ta ciki ka rufe fuskar. Matarka Hadje Mariam ta taɓa yi mini ƙorafi cewa ba ta san inda singiletinka ke tafiya ba. Ni na sani, ban faɗa mata ba, na ce wataƙila Babarbare ya fara sayar da gwanjo.

To, ga inda ka shiga gidana ka kasa fita. Ɗana Umar Faruƙ ya taso a gindin teburin nan yana kallonka. Da ya gama sakandare sai ya ce shi aikin pompiye zai yi. Uwarsa Kaltouma ta ce sam, ta haifi ɗa ne ba itacen girki ba. Aka kawo maganar gabana a matsayina na maigida. Ni kuwa ka san ni, ko alƙali ne ya tsare ni sai na nemi abin dariya. Na ce ya je, ni in kunna shi ya kashe, sana'a ba za ta yanke a gidan ba. Yaro ya ɗauki wasan a matsayin izini, ya fita da gudu ya faɗa maka. Kaltouma ta dube ni ta ce, "Malam, wata rana bakin nan naka zai ja mana abin da dariya ba za ta wanke ba."

Karon farko ya faɗi jarrabawar shiga, don ɗan Garwa ne da bai iya iyo ba, ga kogi a bakin ƙofa. Ya dawo gida ya kwanta ya ce ya haƙura. Kai ka zo ka tashe shi. Duk ranar hutunka sai ka kai shi kogi, ka koya masa ruwa har ya daina shan rabinsa. Ka ɗaura igiya a darbejiyar tsakar gidana kana sa shi hawa da sauka, ni ina zaune ina cewa da biri na haifa da tuni ya ci jarrabawa. Da shekara ta zagayo ya ci. Ya tafi horo kudu, ya dawo da ƙirji kamar ƙofar shago, Allah kuma Ya sa aka turo shi barikinku, ƙarƙashinka. A wurin aiki yana ƙame maka, a zaurena yana ce maka Baba Ajidan yana zuba maka shayi.

A zauren nan na ji dokarka har na haddace ta, ni da ban haddace jadawalin lissafi ba. Ka ce wuta ana ganinta, amma iskar ƙasan rijiya ba ta da launi, mutum yana tsaye zai ji barci mai daɗi ya ɗauke shi. Ka ce wanda ya sauka da tukunyar iska a baya da takunkumi a fuska, kada ya cire takunkumin ko da uwarsa ce kwance a gabansa, don mai ceto in ya faɗi, gawa ta zama biyu. Ka ce kuma igiya tana magana: in mai rai ne a ƙarshenta, mai riƙo zai ji tana ɗan rawa a tafinsa. Na ce wannan duk tatsuniyar Barebari ce. Umar Faruƙ kuwa ya sha maganar kamar ruwa.

Abin da ya faru ranar Talatar, daga bakin ɗana na tsinto shi, guntu-guntu, don ba ya iya faɗar sa a jere.

Zafin bana ya janye ruwan rijiyoyi. Wani maigida a bayan gari ya kira mai yasar rijiya, wani bawan Allah Kirista mai suna Blaise, mutumin wajen Kaélé, ya ƙara masa zurfi. Don a kwashe ɗan ruwan da ya rage sai suka zura injin jan ruwa mai shan fetur can ciki, suka tayar da shi, kamar yadda rabin garin nan ke yi. Hayaƙi ya kwanta a ƙasa. Blaise ya sauka bayan an kashe injin, ya yi 'yan sara da diga, sai aka ji shiru. Ba unguwata ba ce, kuma ban san a teburin wa aka sayi fetur ɗin ba. Amma kwalba ba ta da suna a jikinta, kuma wannan tunanin yana zuwa mini duk sanda na ɗaga mazurari.

Da kuka iso, ɗana ne ya kamata ya sauka. Har ya ɗaura ɗamara. Ka leƙa rijiyar, ka ga ƙuncinta, ka dubi kafaɗunsa, ka ce waɗannan kafaɗun tuwon Hausawa za su toshe ramin, ya kwance ya ba ka. Ka miƙa masa igiyarka ka ce shi zai tsaya a gaban masu riƙo. Ka sauka da igiya ta biyu domin Blaise.

Ka tarar da sauran numfashi a ƙirjinsa, amma yana neman ƙarewa. Abin da ka yi a can ƙasa, babu wanda ya gani sai Allah da Blaise, wanda ya ce yana tuna wani abu da aka danna masa a fuska, da murya tana cewa ya shaƙa. Ka ɗaure shi, ka ba da alama a ja shi. Rijiyar ba ta ɗaukar mutum biyu a jere, dole shi ya fara fita, kai kana ƙarƙashinsa. Ana cikin jan Blaise, ɗana ya ji igiyarka ta daina rawa a tafinsa. Ya gane, don kai ka koya masa. Kuma ba shi da ikon ja, tunda Blaise yana tsakaninku ya cika ramin. Haka ya tsaya da igiya shiru a hannu har aka fitar da mutumin. Da aka ciro ka, takunkumin yana lilo a ƙirjinka.

Adoum, ina da ƙorafi a kanka, kuma wannan ba na wasa ba ne. Ka cika kunnen ɗana da doka, sannan ka sauka ka karya ta a gabansa. Yanzu wanne zai bi, abin da bakinka ya faɗa ko abin da hannunka ya yi? Ga wani abin kuma da ya fi wannan ci mini rai. Da labari ya iso teburina cewa wani pompiye ya mutu a rijiya, tunanina ya tafi kan Umar Faruƙ. Da aka ce ai ajidan ne, ba yaron ba, wallahi abin da ya fara fita daga bakina hamdala ce. Na yi hamdala a kan mutuwarka kafin in yi salati. Na san da kana nan za ka ce ai bawa bai san alheri ba, mu yi dariya a wuce wurin. Amma ba ka nan.

An ba Umar Faruƙ hutu. Ya dawo gida da tafin hannu a saluɓe, ya shiga ɗaki ya juya wa ƙofa baya. In an kai abinci, ya ci loma ya ture. In jiniya ta wuce a titi, sai ya dunƙule hannuwan nan masu ciwo har su sake fashewa. Na gwada duk abin da na iya. Na ba shi labarin kyanwa da bokitin yashi, na kwaikwayi tafiyarka, na yi Barbarcin ƙarya. Ya dube ni kamar yana kallon bango. Ban taɓa sanin cewa ba ni da wani kayan aiki a duniya sai baki ba, sai da bakin ya ƙi ci.

Kaltouma ta same ni ta ce lokaci ya yi da zan gyara abin da na ɓata. Ta ce da wasa na tura shi, yanzu in hana shi da gaske, ya ajiye kakin ya nemi wata sana'a, ko da tebur ne kusa da nawa. Na shiga wurinsa ina fatan shi zai yanke wa kansa. Bai ɗago ba ya ce, "Baba, ni kaina ya tsaya. Abin da ka ce shi zan yi."

Ka ji fa. Ni da ko launin hula ba na iya zaɓa sai na tambayi mai shago, ni aka ɗora wa wannan. Da can in magana ta yi mini nauyi, sai in naɗe ta cikin wasa in jefa maka, kai kuma ka warware ta ka ba ni amsa cikin zagi. Yanzu na naɗe, na juya, babu wanda zan jefa wa.

Ranar sadakar uku na je gidanka na zauna can ƙarshen tabarma, na yi shiru kamar mutumin kirki. Sai Hadje Mariam ta aiko ƙanenta daga cikin gida, ya durƙusa kusa da ni ya ce tana tambaya ina Bafillacen Adoum, ko ba zai zo ya karɓi gadonsa ba ne, gidan ya yi nauyi da yawa. Ka san al'adar, abokin wasa ba ya zaman makoki kamar kowa, haƙƙinsa ne ya tsokani mamaci a gaban jama'a. Na miƙe. Na tsaya a bakin ƙofar cikin gida na ɗaga murya na ce bawana ya gudu ba da izinina ba, ya bi ta rami don kada in kama shi, saboda haka a fito mini da dukiyarsa. Na ji mata sun fashe da dariya a ciki, dariya mai haɗe da kuka. Aka miƙo mini tsohuwar hularka ta bayan labule. Na kifa ta a kai, ta tsaya a tsakiyar ƙoƙon kaina kamar murfin buta, tsofaffin Barebari suka yi ta yi mini ature. Na yi aikina har ƙarshe. Sannan na zagaya bayan katanga, inda ake ajiye babura, na yi abin da ban yi ba tun rasuwar uwata.

Bayan an sallamo Blaise daga asibiti sai ga shi a ƙofar gidana, da matarsa Jeannette, da zabi biyu a ɗaure. Hausarsa ta kasuwa ce, nawa Faransancin na aji huɗu ne, muka haɗa da Fillanci muka fahimci juna. Ya ce yana so ya ga wanda ya riƙe igiya. Da ƙyar Umar Faruƙ ya fito. Blaise ya kama hannuwansa ya juya tafin yana kallo. Sai na tambayi Blaise wace sana'a zai koma yanzu. Jeannette ta yi caraf ta ce ya yi mata alkawari ya bar rijiya har abada. Shi kuwa ya sunkuyar da kai. Da ta fita gaida Kaltouma, ya ce mini a hankali akwai wata rijiya da ya fara kafin wannan, mai ita yana jira, kuma shi tun yana saurayi bai san wani aiki ba.

Bai faɗi haka don ya koya wa kowa komai ba, kunya ma yake ji. Amma ni na zauna ina kallonsa ina ganin kaina. Shi zai koma ramin. Ni gobe zan koma teburina in jera kwalabe a rana. Wani maigidan zai sake zura inji a rijiya. Dukanmu muna yin abinmu ne da sanin cewa in ta ɓaci akwai wanda za a kira, kuma ban taɓa tambayar kaina ɗan wa ake kira ba, sai da ya zama nawa.

Da suka tafi na kira Umar Faruƙ zaure. Na cire hularka na ajiye don kada ta sa ni wasa. Na ce masa in hutunsa ya ƙare ya koma bakin aikinsa, da izinina na gaske wannan karon, amma da sharaɗi: ya bi bakin Baba Ajidan, kada ya bi hannunsa. Ya daɗe yana kallon inda Blaise ya zauna, sannan ya ce, "Baba, da ya bi bakinsa, da mutumin nan bai zauna a tabarmar nan yau ba."

Har yanzu da nake rubutun nan ban samo amsa ba. Na san dokarka gaskiya ce, na kuma ga Blaise da idona yana shan ruwa a zaurena. Na tura ɗana ya koma ban san wanne daga cikinku biyun zai bi ba, Adoum mai magana a zaure ko Adoum na ƙasan rijiya.

Yau da safe ya sa kaki ya fita. Uwarsa ta sa masa albarka a bakin ƙofa, ni kuwa tun ranar ba ta ce mini ko sannu ba, tuwo kawai take ajiyewa ta juya, kuma ban ga laifinta ba. Kafin azahar jiniya ta wuce ta gaban teburina. 'Yan acaba suka juyo suna jira in faɗi abin da na saba faɗa. Na miƙe tsaye har motar ta ɓace.

Ya Allah, ga bawanKa Adoum, naKa ne Kai kaɗai, ni wasa nake yi. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama. Ya shiga ƙunci domin wani ya fita, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Ya ba wani numfashinsa bai tambayi addininsa ba, Ka shaƙar da shi ƙanshin Aljanna. Fuskokin da ya rufe a bakin kogi, Ka rufa masa asiri da su ranar tsayuwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hadje Mariam da 'ya'yansa, da danginsa na Kuseri, da abokan aikinsa na bariki. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku a inda ya bari. Waɗanda suke sauka da waɗanda suke riƙe igiya, Allah Ya mayar da su gidajensu da ƙafafunsu, har da na Kaltouma. Amin.

Bokitinka kuwa, na zubar da ɓawon gyaɗar, na cika shi da sabon yashi daga kogi. Na cire katakon. A tsaye nake sayar da mai yanzu.